Dashen ɓargo da tallar "sitem sel": yadda iyali za su tantance magani kafin su taɓa gona

Magana iri biyu ce ke isowa gidan da ke da yaro mai amosanin jini, wato sikila ko emasi, a nan Damagaram. Ta farko daga bakin likita: akwai aikin da ake kira dashen ɓargo, yana iya raba yaro da ciwon har abada, amma yana da tsada, yana da haɗari, kuma sai an yi tafiya. Ta biyu daga WhatsApp, ko daga wani ɗan talla a gefen Kasuwar Dole: ga garin magani a ƴar leda mai suna "sitem sel", a zuba ƙarƙashin harshe safe da yamma, yana maganin sikila da ciwon suga da shanyewar jiki da rashin haihuwa. Duka biyun da sunan abu ɗaya suke magana, ƙwayoyin tushe, abin da ake rubutawa "cellules souches" a takardun asibiti. Ɗaya magani ne, ɗaya cin kuɗi ne.

Ƙwayar tushe ƙwayar halitta ce mai rai, wadda ke haifar irinta, take kuma iya zama wata ƙwaya mai aiki na musamman. Wadda ke cikin ɓargo ita ke ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da falaket masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwayar mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai amosanin jini ba ta wuce 10 zuwa 20. Tunda daga ɓargo matsalar ta taso, in an sauya ɓargon an sauya jinin.

Iri uku ne ake bincike a kansu. Akwai na jikin mutum da na jinin cibiyar jariri. Akwai na tayi mai kwana biyar da haɗuwa, wanda James Thomson ya fara renonsu a ɗakin bincike a Amurka a 1998, kuma a kansu ne duniya ta yi ta gardama. Akwai kuma wanda Shinya Yamanaka na Japan ya samar a 2006, ta hanyar mai da ƙwayar fata ta koma ta tushe, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Wanda ya shafi ɗanku shi ne na farko. Abin da aka tabbatar yana yi kuwa bai da yawa: kansar jini, ɓargon da ya daina aiki, amosanin jini da danginsa, wasu cututtukan garkuwar jiki na gado, sai dashen fata ga wanda ya ƙone da gyaran tantanin ido. Ciwon suga, makyarkyata, karyewar laka, shanyewar ɓarin jiki, yaron da bai magana, duk suna matakin gwaji. Wasu gwaje-gwajen sun ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa a kan mutane ƙalilan, amma ba su kai a sayar da su ba.

Fara da watsar da na ƙarya

Garin leda ba ya buƙatar dogon bincike. Ƙwayar tushe ta gaske abu ne mai rai. Ɓargon da aka ɗebo sai an saka shi cikin kwana uku, in kuma ajiya za a yi sai a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ba ƙwayar da za ta rayu a leda kan tebur cikin zafin watan Afrilu. Ku juya ledar ku karanta: yawanci tsatson tuffa ne ko inabi. Ƙwayar tuffa ba ta ƙera jinin mutum, kuma duk abin da ya shiga baki ciki na narkar da shi. Babbar illarsa ma ba kuɗin ba ce. Iyaye sukan dakatar da maganin da likita ya rubuta saboda an ce musu an sami waraka, sai wata ɗaya ko biyu a dawo da yaro asibiti jini ya ƙare.

Asibitocin waje masu allurar ƙwayoyin tushe sun fi wuyar ganewa, don suna da gini mai kyau da likitoci masu farar riga da mai fassara. Abin da suke yi sau da yawa shi ne su zuƙo kitsen ciki ko ɓargo, su juya shi a na'ura, su mai da shi jiki a ranar. A 2015, a wani asibiti a Fulorida ta Amurka, an yi wa mata uku irin wannan allura a idanu biyu saboda raunin gani na tsufa. Dukansu suka yi mummunar asarar gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Babban suna ma ba kariya ba ne: Paolo Macchiarini a shahararriyar cibiyar Karolinska ta Suwidin yake lokacin da ya dasa wa marasa lafiya maƙogwaron roba da aka shafa wa ƙwayoyin tushe, yawancinsu suka mutu, kotu ta ɗaure shi a 2023.

Saboda haka, kafin ku aika ko jika ɗaya, ku tura waɗannan tambayoyi a rubuce, ku nemi amsa a rubuce. Wace ƙwaya ce, daga jikin wa? Wace hukumar magunguna ta amince da ita, kuma don wannan ciwon ne takamaimai? Mutum nawa masu irin ciwon aka yi wa, nawa suka warke, nawa suka mutu? Idan abu ya ɓaci, wa zai biya? Wurin da ya ce allura ɗaya na maganin cututtuka goma, ko ya ce babu haɗari ko kaɗan, ko hujjarsa bidiyon masu godiya ne kawai, ko ya ce a biya yau don farashi zai tashi, ku bar shi. Ganin sunansa a rajistar gwaje-gwaje ta intanet ba shaida ba ce, shiga rajista daban, amincewar hukuma daban.

Shin ɗanku na cikin masu buƙatar dashe?

A fara da tabbatar da ciwon. Gwajin jini na Emel yana nuna akwai S, wato alamar amosanin jini, ne kawai, ba ya raba mai AS, wanda ke ɗauke da alamar kaɗai, da mai SS, wanda ke da ciwon. Gwajin jinin da ake kira elektroforez ne ke rabawa, kuma kada a yi shi cikin wata uku bayan ƙarin jini, don jinin da aka ƙara zai rikita sakamakon.

Ba kowane mai SS ake kaiwa dashe ba. Likitoci sun fi duban wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, ko wanda awon gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna santimita 200 a daƙiƙa ko fiye, ko mai yawan ciwon ƙirji mai kai wa kwanciya, ko mai tashin ciwo sau uku ko fiye a shekara duk da yana shan hidroksiyuriya yadda ya kamata. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa. Hidroksiyuriya ƙwaya ce ta sha sau ɗaya a yini, ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, ana bin ta da awon jini. Binciken da aka yi a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda, aka buga a 2019, ya nuna tana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har da zazzaɓin cizon sauro. A Kano ma an gwada ta wajen kare yara daga shanyewar jiki. A ganinmu, iyalin da ba su yi shekara guda a kan wannan magani ba, tare da folik asid da fenisilin da rigakafi da gidan sauro, bai kamata su fara lissafin kuɗin jirgi ba. Likitan yara a Babban Asibitin Damagaram ko Cibiyar Amosanin Jini ta Ƙasa da ke Yamai su ne ƙofar farko.

Ku buɗe littafi tun yau. Kowace kwanciya, kwana nawa, kowace ledar jini da ranarta, kowane sakamakon awo. Cibiyar dashe za ta nemi wannan tarihi kafin ta ce uffan.

Neman mai bayarwa

Nan ne yawancin tafiyoyi ke tsayawa. Dacewar rukunin jini, A ko B ko O, ba ita ake nema ba. Ana duba wasu alamomi ne da ake kira HLA, waɗanda garkuwar jiki ke gane nata da su. Ana gwada guda goma, biyar daga uwa biyar daga uba, mafi kyau a dace goma cikin goma. Shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewarsa ɗaya cikin huɗu ce. Ɗan uba ba ya cikin wannan lissafi, komai kamanninsu. A gidan da aka yi auren zumunci kuwa akan dace da uwa ko uba ko ɗan baffa, don haka ku faɗa wa likita dangantakar iyayen. Mai AS na iya bayarwa, mai SS ba ya iyawa, wannan ya sa marasa lafiyar da ke samun shaƙiƙi mai dacewa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ana gwajin da jini ko da goge cikin kumatu, ana kuma iya aika samfurin, ba sai an kwashi yara duka an yi tafiya ba. Ku yi shi kafin fasfo, kafin biza, kafin komai.

Wani kuskure da al'adarmu ta neman jini a dangi ke jawowa: kada a ƙara wa yaron jinin ɗan'uwan da ake sa ran zai ba shi ɓargo, ko na iyayensa. Jikinsa zai iya koyon yaƙar alamominsu, ranar dashe ya ƙi karɓa. Dangi su ba da jini a cibiyar ƙarin jini a madadin wanda aka ɗauka, amma ledar da za a saka wa yaron ta zama ta bare.

Idan an sami shaƙiƙi, sakamakon na da kyau. Wani bincike a kan mutum 1,000 da aka yi wa dashe tsakanin 1986 da 2013 ya nuna cewa a ƴan ƙasa da shekara 16, kashi 95 cikin ɗari sun rayu, kashi 93 sun rabu da ciwon. Daga 16 zuwa sama adadin ya sauko zuwa 81. Ku karanta shi ta ɗaya fuskar ma: cikin yara ashirin, ɗaya ya rasu, kuma a manyan cibiyoyi aka samo alƙaluman. Dashe daga uwa ko uba mai rabin dacewa yana yiwuwa yanzu, yana kuma inganta, amma ya fi haɗarin ƙin karɓa, sai cibiyar da ta saba da shi.

Yadda aikin ke tafiya

Kafin a fara ana duba zuciya, huhu, ƙoda, hanta da yawan ƙarfen da ƙarin jini ya tara. Ana gwada mai karɓa da mai bayarwa ciwon hanta B da C, sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A yi maganin tsutsar ciki da tsargiya, a cire ruɓaɓɓen haƙori, domin abin da jiki ke riƙe da shi shiru yakan tashi idan garkuwa ta faɗi. Ana sauya jini har S ya sauko ƙasa da kashi 30, a saka bututu a babbar jijiyar ƙirji.

Daga nan sai kimanin mako guda zuwa kwana goma na magunguna masu ƙarfi, irin su busulfan, masu kashe tsohon ɓargo. Sharar gona ce kafin shuka, kuma daga nan ba komawa baya. Ranar dashe, ana sa wa mai bayarwa maganin barci, a zuƙo ɓargo da allura daga bayan ƙashin ƙugu, ba a wuce mililita 20 ga kowane kilo na nauyinsa. Ba a taɓa laka, ba a fasa ƙashi. Zai ji ciwon ƙugu ƴan kwanaki, ɓargonsa ya cika cikin makonni. Shi kuma marar lafiya ba a yi masa tiyata: ana ɗaura ledar kamar ƙarin jini, ƙwayoyin su nemi ɓargo da kansu.

Mako biyu zuwa huɗu da ke biye su ne mafi tsanani. Fararen ƙwayoyi sun kusa sifili, baki ya yi gyambo, gashi ya zube, ƙaramar cuta na iya kisa. Kwanciya kan kai mako huɗu zuwa shida, sannan a zauna kusa da asibitin har kwana 100. Abubuwa uku ke ɓata aiki. Ko jiki ya ƙi sabon ɓargo ciwon ya dawo. Ko sabon ɓargon ya ɗauki jikin a matsayin baƙo ya far masa, a ga ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, zawo, shawara, wanda don shi ake shan siklosporin wata shida zuwa shekara. Ko kuma rashin haihuwa, wanda busulfan ke jawowa ga da yawa, musamman mata. Wannan na ƙarshe a tattauna shi tun kafin a fara, a tambaya ko cibiyar na ajiye maniyyi ko ƙwai. Yarinya mai shekara goma sha uku tana da haƙƙin a faɗa mata, ba a bari sai bayan aure ta ji ba.

Wajen zaɓen cibiya, ku tambayi adadin masu amosanin jini da suka yi wa dashe cikin shekara uku da suka wuce, da ko suna da shaidar JACIE ko FACT, hukumomin da ke tantance ingancin cibiyoyin dashe. Ana yi a Faransa da Indiya da Turkiyya da Tunisiya. A Najeriya an fara a asibitin koyarwa na Benin a 2011, Legas ta bi baya a 2024. Kuɗin miliyoyin sefa ne masu yawa. Ku nemi takardar farashi mai nuna abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, musamman kwanan ɗakin gobe-da-nisa. Ku haɗa da masaukin mutum uku na wata huɗu da maganin shekara guda, ku ajiye aƙalla sulusin jimlar a gefe. A asusun asibiti ake biya, ba a hannun dillali ba.

Halacci, doka da izini

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe in an samo su daga baligi da izininsa, daga yaro da izinin waliyyinsa ba tare da cutarwa ba, daga cibiya da mabiyiya, daga ɓarin da ya zo da kansa, da ragowar ƙwan da ma'aurata suka haɗa a asibiti don neman haihuwa in sun ba da izini. Ta haramta zubar da ciki da gangan don a samu ƙwayoyin, da haɗa ƙwai da maniyyin bare. Cocin Katolika ta ƙi duk binciken da ke lalata tayi, amma ta yarda da na ɓargo da cibiya. Wato dashen ɓargo ba ya cikin abin da ake saɓani a kai.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban. Ingila ta yarda da bincike a kan tayi har kwana 14. Jamus ta hana samar da ƙwayoyin tayi a cikin ƙasarta. Amurka ta taƙaita kuɗin gwamnati a kan binciken ƙwayoyin tayi a 2001, ta sassauta a 2009. Japan tun 2014 tana ba da izinin wucin gadi kafin a gama tabbatar da amfanin magani. Abin da wannan ke nufi gare ku: "ana yin sa a ƙasa kaza" ba ya nuna yana aiki.

Idan aka gayyace ku shiga gwaji, mutanen yankin nan ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan cikin annobar sanƙarau a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko iyaye sun san abin da suka yarda da shi. Gwaji na gaske yana da amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa, ana karanta muku takardar izini da Hausa gaban shaida, ana ba ku kwafi, kuna iya fita ko yaushe ba tare da an hana ku magani ba, kuma ba ku ne za ku biya kuɗin abin da ake gwadawa ba. Akwai kuma sabuwar hanya ta gyara ƙwayoyin marar lafiya da kansa, Casgevy, wadda Ingila da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023. Ba ta buƙatar mai bayarwa, amma tana buƙatar busulfan ɗin nan, farashinta kuma dalar Amurka miliyan 2.2, fiye da biliyan ɗaya na sefa. Wanda ya yi muku tayinta da araha ba ita ba ce.

Bayan an dawo gida

Kada ku tafi sai kun san likitan da zai karɓi yaron a nan, kuma cibiyar ta yi magana da shi. Ku tambayi inda za a riƙa auna siklosporin a jini, don in ya yi ƙasa ɓargo na iya far wa jiki, in ya yi yawa ƙoda ta lalace. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da ƙarfinsa, jiƙe-jiƙen gargajiya kuma ba a san abin da za su yi masa ba, a bar su.

Zafin jiki ya kai digiri 38, asibiti a take, ko tsakar dare ne, ba farasitamol a jira safiya ba. Ku sayi ma'aunin zafi biyu. Ruwa tafasasshe, ko na famfo ne. Ban da nonon da ba a dafa ba, da furar talla, da latas, da kilishin da ya sha iska a tire. Lokacin hunturu ya sa takunkumi, a yayyafa ruwa kafin shara, a nisanta shi da turken dabbobi, akurkin kaji da inda ake rushe ginin ƙasa, saboda ƙurar na ɗauke da funfuna mai kama huhu. Ƴan barka da zuwa su gaisa daga zaure. Rigakafin da ya yi a baya ya tafi tare da tsohon ɓargo, za a sake daga wata shida zuwa shekara, amma masu rai irin na ƙyanda da shawara sai bayan shekara biyu. Ɗigon shan-inna ma mai rai ne: a sanar da masu zagaye cewa akwai mai dashe a gidan, a nemi likita ya tsara wa sauran yara na allura.

Dashe jini yake sauyawa, ba abin da mutum zai gadar ba. Idan yaron ya girma ya je gwajin aure, elektroforez zai nuna AA ko AS, wato na wanda ya ba shi ɓargo, alhali kowane ɗa da zai haifa zai ɗauki S daga gare shi. In ya auri mai AS, rabin ƴaƴansu na iya zuwa da SS. Ku adana takardar gwajinsa ta asali tare da ta dashen, ita za a nuna wa likita da dangin wadda zai aura.